Faifan Bahaguwa

Duk Gafasa an san Adawiyya bahaguwa ce. Tun tana 'yar shekara huɗu mahaifinta, Malam Bubayero mai Islamiyya, yake bugun hannun nan nata na hagu a bakin kwano, har sai da ta koyi cin tuwo da dama. Alƙalami ma da dama aka sa ta riƙe. Abu ɗaya aka bar wa hagun, shi ne ɗinkin faifai, don kakarta da ta koya mata ta ce duk wanda ya taɓa yarinyar a kan basilla to da ita zai yi. Shi ya sa faifan Adawiyya ya fita daban: na kowa yana naɗewa ta nan, nata yana naɗewa ta can. Mai saye a kasuwa ba zai lura ba, amma tsofaffin da suka san sana'ar kallo ɗaya suke yi masa.

Tana da shekara goma sha tara ta auri Hafizu, wani manomin gyaɗa a Ajingi, auren so kuwa. Shekara biyu suka yi lafiya lau, ta haifi 'ya mace aka sa mata Zuhra. Ba a yi arba'in ba barci ya ƙaurace mata. Ta fara jin ana yi mata raɗa a kunne, wai za a sace jaririyar. Ta hana kowa taɓa ta. Wata ranar kasuwa da tsakar rana ta goya ta, ta fice ba takalmi, ta miƙi hanyar Gaya. 'Yan acaɓa ne suka tsinto ta, ƙafa duk ta fashe, jaririya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ranar surukarta Gaji ta kwance goyon da hannunta, ba ta kuma mayar ba.

Aka ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, wata biyar abu sai gaba yake yi. Malam Bubayero da kansa ya ce addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ya sa ta a a-daidaita-sahu ya kai ta Gaya. Can aka ce ciwo ne da yake kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana da magani. Ta koma gidan ubanta tana shan ƙwaya, raɗar ta yi shiru. Hafizu bai sake ta ba, bai kuma mayar da ita ɗakinta ba. In ya zo gaishe ta sai ya tsaya a zaure yana murza hula, maganarsa ɗaya, sai abin da Inna, wato Gaji, ta ce.

To ga inda abin yake da ban haushi. Zuhra 'yar fari ce, kuma mace mai kunya ba ta ambatar sunan 'yar fari, balle ta buɗe baki ta ce a ba ta ita. Adawiyya in ta yi shiru, a ce ai ga shi ko tambayar 'yar ba ta yi. In ta tambaya, a ce wannan rashin kunya ai alamar kan bai dawo ba ne. Yaya ake so ta yi? Shekara biyu tana haɗiye sunan nan, ta rame har awarwaro yana zamewa daga hannunta.

Abin da ya riƙe ta shi ne matan bakin asibiti. Ranar karɓar magani sukan zauna a gindin darbejiya, kowa ta ja mayafi ta rufe fuska kada 'yan garinsu su gan ta. A cikinsu akwai Haulat, 'yar Gaya mai sayar da awara, shekara tara tana shan irin ƙwayar nan, ga baki kamar rediyo. Ita ce wata rana ta zo da kaba rinanniya da damin ciyawa, ta ce ta gaji da zaman makoki alhali ba wanda ya mutu. Daga nan suka koma taruwa a tsakar gidanta kowace Talata, su bakwai. Doka ɗaya ce: muddin basilla tana hannunki faɗi abin da kika ga dama, ba ya fita ƙofa. Wata ta ba da labarin yadda aka ɗaure ta a turke, wata ta ce har yau 'ya'yanta ba sa cin girkinta, a yi kuka, Haulat ta jefo wata sakarar magana a fashe da dariya. A nan Adawiyya ta fara kiran sunan 'yarta a fili, kanta a sunkuye tana huda kaba, ba wadda ta ɗago ta kalle ta.

Da kaka ta yi, Hafizu ya zo da saƙo. Inna ta ce ita ba ta san takardar likita ba, amma shekara arba'in tana ɗinkin faifai, ta san aikin mai hankali. Adawiyya ta ɗinka mata guda, daga cibiya har baki. In ya kwanta daidai, za a yi maganar yarinyar.

Allah sarki. Ƙwayar da ta kashe raɗar ita ce take sa hannunta rawa. Ta faɗa wa ma'aikaciyar asibiti, aka ce za a rage a hankali, sai ta yi haƙuri. Ina haƙuri ga wadda 'yarta ta fara magana ba ta ji ba? Faifan da ta daɗe tana yi tun farkon zuwanta gidan Haulat, cibiyarsa a karkace take, ɗinkin wani wuri ya matse wani wuri ya saki. Ta kwance, ta sake, ta bari, ta ci gaba. Ran wata Talata Haulat ta lura hannun ya daina rawa, idon kuwa ya yi ja. Ta ja ta bayan rumbu ta tsare ta da tambaya, har ta amsa cewa kwana huɗu ke nan ba ta sha ƙwayar ba.

Haulat ta yi faɗa kamar za ta dake ta. Ta ce ita ma ta taɓa yin wannan wayon, ta nuna mata tabon igiya a idon sawunta. Ta sa ta haɗiyi ƙwayar a gabanta. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da nata faifan, sabo fil, ja da kore, a kwance sumul.

“Ungo, ƙanwata. Kai wa tsohuwar wannan, ki ci gaba da shan maganinki. Faifai ai faifai ne.”

Sauran matan duk suka ce haka za a yi. Su bakwai, ba wadda ta tuna da wane hannu Adawiyya take riƙe basilla. Ita kanta tsoro da ɗoki sun rufe mata ido.

Ranar Juma'a da hantsi ta isa Ajingi, faifan Haulat a cikin leda, ga ƙwaryar ƙuli-ƙuli ta tsaraba da ta rufe da nata karkataccen, don shi ne a kusa. Ta durƙusa ta gaida Inna. Zuhra tana tsaye a jikin tsohuwar, ta yi tsawo, an yi mata kitso 'yan ƙanana. Adawiyya ko kallon kirki ba ta yi mata ba, saboda kunya. Ta miƙa ledar da hannu biyu.

Gaji ta juya faifan, ta bi zagayen da babban yatsa. Ba ta kai ƙarshe ba ta tsaya. Ta ce aiki ya yi kyau, Allah ya yi wa mai shi albarka, amma mai shi da dama take ɗinki. Sai tsohuwar ta miƙa hannu ta ɗauke wanda ke kan ƙwaryar, ta ɗaga shi a hasken rana. Ta daɗe tana dubawa. Cibiyar a hargitse take, gaskiya ne. Amma daga tsakiya ɗinkin ya fara daidaituwa, layi bayan layi, har zuwa baki inda rawar hannun ta rage sai kaɗan.

“Wannan ne naki,” in ji Gaji. “Ga inda kike da ciwo, ga inda kika fara samun sauƙi. Ni ba makauniya ba ce, 'yar nan. Wallahi da shi kika miƙo mini, da yau kin tafi da yarinyar ta yi miki mako.”

Gaji ta ce ciwo ba laifin kowa ba ne, ta san wannan, amma ba za ta ɗauki jikarta ta ba wadda ta shigo mata gida da ƙarya ba. A sake wani. Ba ta faɗi ranar ba.

Nan Adawiyya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a gaban surukai. Ta ɗago kai, hawaye na zuba, ta ce, “Zuhra.”

Yarinyar ta kalli baƙuwar, ta kalli kakarta, ta koma bayan zani ta ɓuya.

Talatar da ta biyo baya Haulat ta kasa haɗa ido da ita, tana ta cewa ita ce ta jawo, a yafe mata. Adawiyya ta zauna a wurinta na kullum, ta fito da ƙwayar ta sha a gabansu, ta jawo ciyawa da kaba. Hannun hagun yana karkarwa, sau uku basilla tana kuskure cibiyar. Haulat ta matso ta riƙe mata ƙarshen ciyawar don kada ta warware, amma ba ta taɓa basillar ba.