Kwanon da ke ƙarƙashin gadonmu

Lokacin da muka sami fili a unguwar Television, ina aiki a masaƙa a Kakuri, matata kuma tana ɗinki a gida. Ɗaki biyu muka fara ginawa. Na uku nata ne. Tana son babbar taga mai kallon hanya, domin a ɗakin kwananmu sai ta jawo keken ɗinki bakin ƙofa kafin ta ga kafar allura. Bango ya kai inda za a ɗora rufi, mun sayi kwano, saura katako da kafinta.

Wata rana na dawo daga aiki na tarar da jan fenti a jikin sabon bangon, layi biyu a gicciye. Ta ce wasu mutane ne suka sauko daga mota da gwangwanin fenti da igiyar awo. Ta ba su ruwa suka sha. Suka ce titi zai bi ta nan, kada a ƙara ko bulo ɗaya. Ta tambaye su yaushe, suka ce ba su sani ba, a je ofis.

Ofishin masu tsara gari yana ƙetaren kogi. Duk makon da nake aikin yamma, nakan hau bas da safe in je in zauna a benci. Ba wanda ya taɓa yi mini rashin kunya. Sai dai ko oga ya fita, ko taswirar tana wajen wani ogan, ko ba a gama zama a kanta ba. Masinjan wurin ya saba da ni har yakan ce, "Baba Television, ka zo da wuri yau." Abu ɗaya nake so in sani: mu rufa ɗakin, ko mu haƙura.

Kwanon muka tura ƙarƙashin gado don kada ya yi tsatsa. Idan tana shara, tsintsiya takan buge shi ya yi ƙara.

"Baban yara," in ji ta, "duk garin nan mu kaɗai ne rufinmu yake ƙarƙashinmu."

"To Madam tela, ai ba ya yoyo."

"Ka ga amfaninsa ke nan."

Maƙwabta da aka shafa wa fentin kowa ya yi abin da ya ga dama. Wani ya shafe da farar ƙasa ya ci gaba da gini. Wani ya sayar da gidansa a wulaƙance ya koma Rido. Ita ta hana ni taɓa alamar. Ta ce hannun hukuma ne ya sa, hannun hukuma zai cire. Sai ta ɗaura igiyar shanya a gaban bangon, ranar da matan zumunta za su zo daga coci ta shanya zani ya rufe jan.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Ciyawa ta fito a cikin ɗakin, kaji suka mai da shi nasu. Da na ga tana matse ido wajen ɗinki, na ce mu rufa kawai, abin da zai faru ya faru.

"In suka rushe, kai ne ba za ka iya cin abinci ba," ta ce. "Na san ka. Mu jira su faɗa mana. Ai sun san muna nan."

Sai ciwo ya kama ta, bai daɗe ba ta rasu. Muka kai ta gida ƙauye, muka binne ta kusa da mahaifiyarta.

Bayan na dawo, wata safiya na ji ƙarar katafila can bayan coci, nesa da layinmu. Na taka na je. Wani ma'aikaci yana tsaye da na'urar awo mai ƙafa uku. Na gaishe shi, na kwatanta masa gidana, na tambaye shi yaushe za su iso wajenmu.

"Wancan layin? Baba, ai an daɗe da fasa shi. Tun kafin a kawo ni wannan aikin aka mai da titin nan. Ba a gaya muku ba?"

Na ce ba a gaya mana ba.

Ya sosa ƙeya. Na tambaye shi wa zai zo ya cire fentin. Ya ce a saninsa akwai masu shafawa, amma bai taɓa jin an tura kowa ya goge ba. Ya ba ni haƙuri. Yaro ne mai ladabi, kuma ba shi ya shafa ba. Na yi masa godiya na tafi.

Na kira Alhajin da ke sayar da katako a Makera, wanda tun farko matata ta yi magana da shi. Da ya ji ta rasu ya yi mini ta'aziyya, ya zo da kafinta da kansa. Muka jawo kwanon daga ƙarƙashin gado. Ko ɗigon tsatsa babu, domin ashe tana goge shi da tsumma da ɗan man keke.

Muka rufa ɗakin kafin ruwan farko. Ni da babbar 'yarmu muka ɗauko keken ɗinkin muka ajiye a gaban taga. Hasken ya isa sosai, kamar yadda ta ce. Jan fentin kuwa na bar shi, igiyar shanya tana nan a gabansa.