Ƙaiƙayin Kawu Ɗanlami

Duk wanda ya san Kawu Ɗanlami ya san aljihunsa na dama ba ya rabo da ƙaiƙayi. Ko ɗaurin aure za shi, yana nan. Idan ruwan kanal ya ragu a gonakinmu na bayan Kura, ba ya musu da kowa. Sai ya ce, "A sako ruwa mu gani!" Ya watsa ƙaiƙayi a kai ya bi shi sannu a hankali. Inda ya taru yana juyawa, nan gafiya ta huda gaɓar kanal ɗin. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma tsakani da Allah ban taɓa ganin ya kuskure ba. Matsalar kawai, shi a ganinsa komai na duniya kanal ne. Ranar da rediyon liman ta daina magana, da ƙyar aka ƙwace ta daga hannunsa!

Wata rana fartanya ta sare shi a ƙwauri. Ya shafa laka ya koma cikin ruwa abinsa. Bakin ciwon ya rufe, amma bayan kwanaki wurin ya kumbura ya yi zafi rau, ga zazzaɓi, ga shi ƙafar ba ta takuwa.

"Kawu, mu je asibiti."

"Ƙafar ce ta aiko ka?"

Da ƙyar muka kai shi birni. Hoton ƙashi bai nuna komai ba, Kawu har ya fara laluben takalminsa. Likita ya ce ya dakata: idan cuta ta shiga ƙashi, wannan hoton ba ya kama ta sai ta yi ɓarna, kuma gwajin jini ya nuna akwai ta. In aka bar ta, ƙafar na iya kaiwa ga yankewa. Nan na ga tsoro a idon Kawu.

"Biyu aka ba ni," in ji shi, "biyu zan koma da su."

Aka tura mu wani babban asibiti can Kudu, ni ne tafinta. Likitan can ya ce hoton nukiliya za a yi masa, amma sai an fara ɗura masa wani sinadari. Ina furta kalmar nukiliya Kawu ya miƙe da ƙafa ɗaya.

"La ilaha illallahu! Abin da manyan ƙasashe ke faɗa a kansa za a ɗura min? Tashi mu tafi!"

Likitan ya yi bayani ina fassarawa. Sinadarin ɗan kaɗan ne, ta jijiya ake sa shi, jini ya ɗauke shi ya zaga jiki, ya je ya taru inda ƙashi ke fama da cuta, na'ura ta gano wurin. Kawu ya zauna.

"Wato a sako abu a ruwa, a bi shi, inda ya taru nan ɓarnar take?"

"Haka ne, Kawu."

"Tambaye shi, ya taɓa zuwa Kura? Wa ya kai masa dabarata?"

Kafin in tare shi ya zube ƙaiƙayi a kan teburin bawan Allah, yana nuna masa yadda ake yi. Sannan ya naɗe hannun riga ya ce, "To, a sako mu gani!"

Bayan allura aka ce ya yi ta shan ruwa na kusan awa uku. Ya sha, yana kushe shi, wai ko kusa bai kai na dam ɗin Tiga ba. Da aka kwantar da shi a ƙarƙashin na'ura aka ce kada ya motsa, bakin ne ya gagara. Hoto na fitowa, ga ƙasusuwansa duka, ga baƙin tabo a ƙwauri. Ya riga likita magana: "Ga ramin gafiyar nan!"

Likita ya ce ya ɗan nisanci jarirai da masu juna biyu na yini guda. Yini guda fa! Kawu ya mai da shi wata biyu. Bayan an kankare ƙashin mun dawo gida yana shan magani, da an ajiye masa kwanon dambu ya hango mu, sai ya ɗaga hannu.

"Ku matsa, da sauran nukiliya."

Matarsa Inna Hajara ta ce, "Malam, ita nukiliyar nan sai an sauke tukunya take tashi?"

"Ke kin yi karatunta ne?"

Ƙafa dai ta warke. Ya sake bin gaɓar kanal yana ɗan ɗingishi, yana faɗa wa kowa cewa likitocin Kudu almajiransa ne.

Ranar da Allah Ya karɓi ransa, ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Na ga tabon a ƙwaurinsa, na ga ƙafafun nan biyu cif, na daure. Amma da na ɗaga rigarsa ƙaiƙayi ya zubo daga aljihu, sai kuka ya ƙwace mini. Biyu aka ba ka, Kawu, biyu ka koma da su. Allah Ya jiƙanka, Ya tsayar da su daram ranar tsayuwa, Ya shayar da kai ruwan da ba za ka kushe ba.