Cigiyar Masu Gyaran Famfo

Mutanen unguwar sun san muryar Goggo Mai Cigiya kafin su san fuskarta. Tun gidan rediyon yana ɗaki guda a saman shagon tela, an jingina tsofaffin katifu a bango don tare ƙarar keken ɗinki, ita ke zama gaban makirufo kowace hantsi. Akuya ta tsinke igiya, Goggo. Tsoho ya fita ya manta hanyar gida, Goggo. Ba ruwanta da takarda. Ta dubi mai kuka ta ce, "Share hawayenki, wace riga ya sa?" sai ta danna maɓalli. Ta yi furfura a kan kujerar nan.

Ana nan sai famfon unguwa ya ƙafe. Masu gyara suka zo, suka haƙa ƙaton rami a tsakiyar titi, suka ce za su je cin abinci su dawo. Damina ta zo ta wuce. Ranar da wata tsohuwa ta faɗa ramin ta karye a ƙugu, Goggo ta hau kujerarta.

"Jama'a, muna cigiyar wasu bayin Allah masu gyaran famfo. Sun fita cin abinci, shiru har yau. Suna sanye da hular kwano. Wanda ya gan su ya riƙo hannunsu ya kawo, raminsu na kewarsu."

Har tela sai da ya tsayar da keke don dariya.

To, lokacin sabunta lasisi ya yi, takardar izinin da in babu ita za a sa wa gidan kwaɗo. Doka ta ce a ajiye rikodin duk abin da aka watsa, hukuma ta turo mai saurare. Wani jami'i ya zo, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya bi shirye-shirye ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai kan cigiyar, ko murmushi. Ya juya ga Manajan gidan rediyon.

"Su wa suka ɓace?"

"Yallaɓai, ai barkwanci ne."

"An sanar da 'yan sanda?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ke nan babu wanda ya ɓace. Kun watsa labarin ƙarya."

Goggo ta gyara mayafi. "Ɗana, in ba su ɓace ba, suna ina?"

Bai ko kalle ta ba. Mutumin da sai da ya kewaye ramin kafin ya shigo! Ya kafa sharuɗɗansa: a nemi afuwa a rediyo, a sauke mai shirin, kuma daga yau kowace cigiya sai an rubuta, an tantance, ta kwana, sannan a watsa.

Manajan nan fa ɗan aminiyarta ne. A bayanta ya yi fitsari yana jariri. Ita ta koya masa yadda zai yi magana ba tare da ya hura wa makirufo numfashi ba. Ya same ta a baranda yana murza hannu.

"Goggo, ki dube ni da idon rahama. In suka rufe mu, duk unguwa ce ta yi asara."

"Miƙo takardar neman afuwar, ɗan nan. Kada ka yi mini kuka, na gaji da share maka majina."

Washegari ta zauna, a karon farko a rayuwarta ta karanta abin da wani ya rubuta mata. "Wannan gida yana neman afuwa. Masu gyaran famfo ba su ɓace ba." Ta ja numfashi. Sallama kawai za ta yi wa mutanen da suka tsufa tare da muryarta. Amma Manaja na tsaye, yatsa a kan maɓalli, tsoro ya cika shi. Yana jin numfashin ya kashe makirufon, ya sako kiɗa.

Lasisi ya fito. An sa shi a gilashi, an rataye a bango, ana goge shi kullum. Famfo kuwa ko ɗigo.

Ran nan da hantsi wata mata ta faɗo gidan Goggo ba ko sallama, ɗankwali a hannu. Mahaifinta ya fita tun safe, ga shi ba ya gane mutane.

"Na je rediyo, Goggo. Sun ce in rubuta, sai gobe in an tantance."

"Wace riga ya sa?"

"Shuɗiya, mai yagaggen aljihu."

Goggo ta zura takalmi, ta ja hannun matar suka fita titi. Ta buɗe murya, "Jama'a, cigiya!" Muryar da a da take shiga kowane gida yanzu ko ƙarshen layi ba ta kai ba, kiɗan rediyon tela ya danne ta. Ta sake kira. Suka rage tafiya a bakin ramin, suka leƙa ciki tukuna, sannan suka kewaye shi suka ci gaba.