Gawayin da Ya'u Ya Tono

Maigidana haƙan rijiya ne sana'arsa. Ya'u sunansa, Allah ya yafe mini da na kama sunan, ai ya riga mu gidan gaskiya. Daga Kagara ya zo Minna yana saurayi, shekarun da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a nan, ba shi da komai sai dagi da igiya. Mutum ne marar yawan magana, amma kansa akwai tauri. In ya ce nan ruwa yake, to ko ƙasar ta yi kamar dutse nan zai haƙa, kuma abin haushin shi ne yakan samu.

A lokacin, in za a raba gona, rami ake yi a kan iyaka, a zuba gawayi a binne, don gawayi ba ya ruɓewa, gara ma ba ta cinsa. Shi ake kira ya haƙa ramin. Da haka ya zama shi ne ya san iyakar kowa daga Bosso har Kpakungu, ko wace rigimar gona ta taso sai masinjan kotu ya yi sallama a ƙofarmu. Yana da farar riga guda da ya keɓe don zuwa shaida. Ranar da zai sa ta, ko tuwo na ajiye ba ya gani. Shekara ashirin da wani abu ba a taɓa mayar masa da magana ba, kuma wallahi ya fi ji da wannan a kan duk rijiyoyinsa.

Bayan yaƙin Bama aka yi rigima tsakanin Sheshi, wani ɗan kasuwa, da Kyauta, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da gona a bayan Bosso. Ƙaramin alƙali ya kira maigida. Maigida ya ce shi ne ya binne gawayin da hannunsa, a gindin tsamiya. Ba wanda ya ce a je a tona, tunda Ya'u ne ya faɗa. Aka ba Sheshi rabin gonar, wajen da ya fi laima, inda take noman doya.

Kwana goma bayan nan ya bi ta gonar zai je aiki, ya yi tuntuɓe da wani kututture cikin ciyawa. Ashe tsamiya biyu ce a wurin. Masu saran itacen jirgi sun sare ɗaya tun tuni, shi kuma ya nuna wadda ta rage. Ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofa, yatsa na jini, ya faɗa mini. Na ce, “Malam, ka ja bakinka ka yi shiru. Ba da gangan ka yi ba, kuma wa ya sani?” Ya ce, “Ni.” Raina ya ɓaci sosai, don na san abin da zai biyo baya.

Ya koma wurin ƙaramin alƙali. Aka ce masa shari'ar da aka yanke aka rubuta ta fi ƙarfin wanda ya yanke ta, sai dai babban alƙali na Minna, wanda ake ɗaukaka ƙara gabansa, shi kaɗai ke da ikon buɗe ta, kuma kafin kwana talatin su cika. Kyauta ba ta ma san ana haka ba. Maigida ne ya je har gidanta ya taho da ita. Kun taɓa jin wanda ya raka mutum ƙarar bakinsa? To nawa ya yi.

Babban alƙalin dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Bai tsaya a zaure ba, ya hau doki ya zo gonar da kansa, da ƙaramin alƙali a bayansa. Ni ma na je, ina can nesa cikin mata. Ya sa aka fara haƙa gindin tsamiyar da ke tsaye, ba a ga komai ba sai jar ƙasa. Sannan maigida ya tuɓe farar rigar ya rataye, ya kama dagi a gindin kututturen. Kamu biyu ya yi, sai ga baƙin gawayi. Ya ɗebo da hannu biyu ya kai gaban alƙali.

Alƙali ya mayar wa Kyauta da gonarta. Ya juya ga ƙaramin alƙali ya ce masa, a hankali, abin da za a iya tonawa ba a barinsa a bakin mutum. Sai ya dubi maigida ya ce, “Malam Ya'u, ka fitar da kanka wurin Allah. Amma wanda ya janye shaidarsa bayan an yanke hukunci da ita, ba zan bar kotunan da ke ƙarƙashina su sake dogara da shi a kan iyaka ba.” Maigida ya ce, “Allah ya gafarta Malam, na sani tun kafin in zo.”

Ni kam na ji haushin dattijon nan, har yau ban gama hucewa ba. Da rani ya aiko a haƙa masa rijiya a gidansa, ya ce duk inda Ya'u ya nuna nan za a haƙa. An samu ruwa a gaba huɗu. Mutane suka ce ai an girmama shi. To, an girmama, amma ba shi yake so ba.

Maigida ya yi shekara tara a duniya bayan nan. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, ni ma ban tambaya ba. Sai dai duk sanda keken masinjan kotu ya biyo ta layinmu, nakan ga ya daina abin da yake yi har ƙararrawar ta wuce. Rigar kuwa duk wata sai ya sa na wanke na ninke, ina wankewa ina mita.

Ranar da ya rasu, Kyauta ta zo gaisuwa da doya shida a ka, ta sauke a tsakar gida. Ba ta iya Hausa sosai ba, ni kuma ban iya yarenta ba. Muka zauna a tabarma ɗaya har la'asar.