Rawanin Nassirou a Kan Bututun Mai

Duk Agege babu wanda ya taɓa ganin bakin Nassirou. Buzu ne daga Agadas, kuma a wajensu namiji ba ya sauke rawani, balle a gaban surukai. Da tsohuwar jif yake ciyar da iyali. Mugun halinta ɗaya: in ta daɗe a cunkoso cikin rana, sai fetur ya tafasa a bututu, injin ya shaƙe ya mutu.

Haka ta yi masa a cunkoson mahaɗar Iyana Ipaja, ranar da matarsa Mufida take naƙuda a kujerar baya, uwarta na riƙe da ita. Ya murza makulli, motar ta yi tari ta yi shiru. Direbobin danfo, motocin bas na haya, suka rufe shi da zagi.

Ya ɗaga bonet, bututun ya ƙona masa yatsa. Dole a sanyaya shi da jiƙaƙƙen tsumma, ga tsinannen tsumman an bar shi a gida.

"Bawan Allah, jini take zubarwa!" in ji surukarsa.

Ya warware rawanin, ya juye masa ruwan buta, ya naɗe bututun. Ya jira yana salati, sannan ya sake murzawa. Motar ta tashi.

Ya shiga mota fuska a buɗe, kai a sunkuye. Tsohuwar ba ta ɗago ido ba. Mayafinta kawai ta miƙo masa, ta ce, "Ja mu tafi, ɗana."