Labaran da Kika Bari a Layi

Aikin farko na yau: dakatar da labarin da zai fita a shafin kamfani da ƙarfe takwas. Ban dakatar ba.

Uwar ɗakina, shugabar sashen hulɗa da jama'a a kamfanin sabulun da nake aiki, Allah ya yi miki rasuwa ranar Litinin, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau Laraba. Sau biyu na duba kalanda kafin in rubuta, domin ke kika hana ni yarda da ranar da ke kaina.

Har yanzu ban yi kuka ba. Na je jana'iza, na dawo, na goge teburinki, na ba shukar bakin taga ruwa. Tabaranki yana kan fayil inda kika ajiye shi. Ban san wa zan ba ba.

Shekara tara ke nan da kika ɗauko ni daga ɗakin buga takardu. Na ce miki iyakacina sakandare. Kika ce, "Ai ba takardar makarantarka zan aika wa 'yan jarida ba." Sanarwar farko da na rubuta ta dawo mini kamar an yanka kaza a kanta. Kin soke "gagarumi", kin soke "wanda babu irinsa", a gefe kin rubuta: Wa ya gani? Wa ya auna? Saboda jan biron da kike gyara da shi 'yan jarida suka sa miki Jan Biro. Tun shekaranjiya suke kira, kowa da sunan yake fara magana, sai ya yi shiru ya gyara.

Jiya Sarkin Tsegumi ya zo gaisuwa, mutumin nan mai shafi a intanet da ya taɓa rubuta cewa sabulunmu yana sa ƙaiƙayi. A lokacin, lauya manaja ya so a tura masa. Ke kuwa waya kika ɗauka a gabana.

"Ranka ya daɗe, an ce mun hana ka barci da susa. Zo gobe ka ga inda ake yin abin, ka taho da ragowar sabulun."

Ya zo yana hura hanci. Aka gwada abin da ya kawo, aka tarar da gaskiyarsa: dahuwa ɗaya ce sinadari ya yi mata yawa. Kika tsaya sai da aka janye ta daga kantuna, kika rubuta sanarwar ban haƙuri layi biyar, ba kwana-kwana, kika kuma sa sunansa a ciki da godiya. Jiya ya zauna a kujerar baƙi ya ce mini, "A duk masu kare kamfanoni, ita kaɗai ce ba ta taɓa ce mini in goge rubutu ba." Na kawo masa ruwa. 

Abin da ya sa nake rubuta miki shi ne labaran nan. Bara kika ce mutane sun gaji da hoton sabulu, a nuna musu hannuwan da ke yin sa. Kowace safiya labarin ma'aikaci ɗaya, gajere, da hotonsa. Kikan tsara na mako guda a kwamfuta, su riƙa fita da kansu. Kafin ki kwanta asibiti kin jera na wannan makon. Shi ya sa jiya, kina kwance a makwancinki, takwas na bugawa labarin direba ya fito da muryarki. Yau ma na mai naɗe sabulu ya fito, ina zaune ina kallo, hannuna a kan tebur.

Manaja ya leƙo ɗazu. "Kai kaɗai ke da kalmar sirrin shafin nan. Ba tsari ba ne a ce mamaci yana magana kullum safe. Ka rufe." Na ce to. Ba na jin yana da mugun nufi, wataƙila ma shi ne da gaskiya.

Amma saura biyu, kuma na Juma'a na Baba mai tukunya ne, tsohon da ya shekara talatin yana dafa sabulu, wanda zai ajiye aiki a ranar. Da azahar ya tare ni a bakin famfo.

"Ɗana, jibi ne ko? Na gaya wa jikokina duka. Ƙaramar ta ce in hoton bai yi kyau ba, to ba laifin mai hoto ba ne."

Na ce jibi ne, Baba.

Da na dawo na buɗe littafinki. Kina da doka: ba a sakin labarin mutum sai an karanta masa ya ce haka ne. "Nasa ne, aro muka yi," in ji ki. Duk wanda kika karanta wa, kikan sa jan maki a gaban sunansa. Kowa yana da maki, ban da Baba. Ba ya karatu, kin ce za ki zauna da shi ranar Alhamis ɗin da aka kai ki asibiti. Ni ban taɓa yin wannan karatun ba. Nakan tsaya a bayanki ne da fayil. Ina tsoron in karanta masa maganarki muryata ta ɓata ta. Amma in na rufe shafin, na mai da ke mai saɓa alkawari, abin da ban taɓa gani ba a shekara tara.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa gaskiyar da kika tsaya a kai ta tsaya miki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki da ta riƙe hannuna ta ce kina yawan ambatona. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi, ya kyautata namu ƙarshen.

Wannan rubutu ba wanda ya duba shi. In akwai kalmar da ta yi yawa, ki yafe.

Aikin gobe:

1. Kai tabarau gidanki.
2. Kiran 'yan jarida shida da ban amsa wa ba.
3. Shiga wurin manaja kafin takwas, in ce masa a bar shafin zuwa Juma'a. In faɗa a tsaye, kada in ce to.
4. Samun Baba lokacin hutu, in karanta masa a hankali.
5. In ya ce haka ne, in sa makin. Biron yana cikin aljihun tebur na sama.