Ranar da Na Kashe wa Baba Waya

Akwai wata Juma'a guda da ko tsufa ya cinye min tunani ba na jin za ta fita daga kaina. Abubuwa da yawa na wancan lokacin sun shige min duhu, amma ita tana nan daram. Har warin maganin ƙwari nakan ji idan na tuna ta, alhali ni ko gonar ban taka ba a ranar.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shiga ƙauyukanmu ba. Ina aikin buga takardu a wani ɗan ofishi kusa da Kura, na wasu ma'aikata masu auna gonakin noman rani. Aikinsu su bi kanal-kanal da hanyoyin da ke gefensu, su bi gona-gona, suna saka komai cikin wata 'yar na'urar GPS da ba ta wuce tafin hannu ba. Idan ka zaɓi gona a cikinta, sai muryar wata mata ta riƙa gaya maka da Turanci inda za ka karya kwana. Mu dai Baturiya muke ce mata. Direbanmu ya tsane ta, wai shi ko a gidansa ba a ba shi umarni haka.

Cikina ya tsufa a lokacin, da ƙyar nake ɗaga ƙafa, mijina kuma ya bi motar tumatir zuwa kudu. Baba manomin tumatir ne, kuma Allah ya zuba masa taurin kai. Da kansa yake feshi, ba abin rufe hanci, ba safar hannu, wani lokacin ma da hannun yake dama maganin. In na yi magana ya ce tun kafin a haife ni yake wannan aiki. Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa na ci, amma ban taɓa ganin uwar da ɗanta ya raina wa magana kamar ni ba. A shekarar ya karɓi hayar wata sabuwar gona can ciki ta ɓangaren Bunkure. Sau ɗaya na taɓa zuwa, a motar ofis, ranar da aka saka ta cikin na'urar.

Ana fara kiran salla mazan ofis suka kwashe zuwa masallaci, suka bar ni ni kaɗai ina fifita da wani kwali. Sai wayata ta yi ƙara. Baba ne. Shi kuwa Baba bai san kira ba, filashin kawai yake yi ya jira. Da na ga ta ci gaba da ringin, na san ba lafiya ba tun kafin in ɗauka.

“Uwata,” ya ce, muryarsa kamar an cika masa baki da ruwa. “Ba wani abu ba ne. Na ɗan yi amai. Idona ne ba ya gani sosai.”

“Baba, feshi ka yi?”

“Na so in ƙarasa kafin salla.”

“Wa ke kusa da kai?”

“Duk sun tafi.”

Na ce ya cire rigar, ya bar wurin maganin, ina zuwa. Ban san ya aka yi na tsallaka titi ba. A ɗaya gefen akwai kemis na wani Kirista mutumin Filato, wanda ya taɓa aiki a asibiti a garinsu. Kowa Likita yake ce masa. Ranar Juma'a da tsakar rana shi kaɗai za ka samu a buɗe a layin. Ina gama faɗa masa alamomin ya daina murmushi, ya jawo jakarsa ya zuba allurai. Ya ce ya sha ganin irin wannan a lokacin feshi, akwai allurar da ke tare shi, amma sai an yi sauri, don ruwa ne ke taruwa a ƙirjin mutum har ya hana shi numfashi.

Ya turo babur ɗinsa waje ya ce, “Ina ne gonar, Madam?”

Nan na tsaya. Wanda bai san wajen nan ba ba zai gane ba. Kana barin kwalta, duk duniya iri ɗaya ce: kanal a dama, kore a hagu, kowace kwalbati kamar 'yar'uwarta. Ka kuskure kwana ɗaya, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka sami gadar da za ka tsallako. Shi baƙo ne, iyakarsa bakin titi. Ni kuma ko da na hau bayansa da wannan ciki, ba abin da zan iya nuna masa. Masu babur da suka san lungunan duk suna masallaci.

Sai na tuna Baturiya. Na koma ofis na jawo ta daga durowar oga, ba tare da izinin kowa ba, na zaɓo gonar Baba. Likita ya duba gilashinta, hasken rana ya hana a ga komai. Ya ce ko da ana gani, ba zai iya ɗauke ido daga hanya ba, don hanyar gefen kanal siririya ce. Sai dai ya ji ta da kunne. Ya sa ta a aljihun gaba ya tada babur, ƙarar injin ta haɗiye muryar gaba ɗaya. Ya ɗora ta a kafaɗa, duk ɗaya. Na ciro iyafis ɗin wayata na sawa a kunne, bakinsa ya yi wa ramin na'urar ƙanƙanta. Nasa kuma bakin mai faɗi ne, ko kusa bai shiga ba. Ina tsaye ina kallon iyafis biyu marasa amfani, ina tunanin Baba kwance cikin rana. Haushi ya kama ni har na ji kamar in buga na'urar da ƙasa.

Likita ya kafe babur ɗin. Ya buɗe jaka ya ciro abin sauraron ƙirji, wanda likitoci ke ratayawa a wuya. Ya kifa faifan a kan sifikar na'urar, ya miƙo min filasta.

“Naɗe shi, Madam. Kar ki bar wurin da iska zai shiga.”

Na naɗe, na yi ta naɗewa har na'urar ta koma kamar ƙafar da aka ɗaure. Muka bar samanta a buɗe don ta samu sigina daga sama, na ɗaure masa ita a damtse da gyalena. Ya cusa bakunan biyu a kunne, ya murɗa babur har ƙarshe. Na danna maɓallin maimaita magana. Sai na ga ya zabura ya runtse ido, sannan ya ɗaga min babban yatsa. Da wani lokaci ne da na yi dariya: ƙaton namiji da gyalen mace a hannu, ga roba a kunnuwa. Ya karɓi lambar wayata, ya fizgi babur ya yi gaba.

Na zauna a bencin ƙofar kemis na kira Baba. Sai da ta daɗe tana ringin ya ɗauka. Numfashinsa ya canza, ina jin wani gurgur a cikinsa. Na ce Likita na hanya. Na yi ta jan sa da surutu don kada ya yi shiru, na tambaye shi kuɗin kwando a kasuwa, na tambaye shi sunan da yake so a sa wa abin da zan haifa. Wani lokaci ya amsa, wani lokaci sai tari kawai. Daga nesa ina jin huɗuba a lasifika, titi kuma wayam, ko akuya babu. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zaman ba.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Can sai na jiyo wata 'yar ƙara a cikin wayar, a bayan numfashinsa. Na toshe ɗaya kunnen. Babur ne. Na ce, “Baba, ka ji? Ga shi nan ya iso.” Ƙarar ta matso, sannan injin ya mutu. Na jira in ji takun mutum, ko sallama. Shiru.

“Baba, a ina kake kwance?”

“Wajen ruwa.”

“Wane ruwan?”

“Na rarrafo. Ban sani ba, uwata. Duhu nake gani.”

Ashe da na ce ya bar wurin maganin, ya ja jiki ya shige cikin masarar maƙwabcinsa yana neman ruwan da zai wanke jikinsa. Baturiya ta kai Likita har kan kusurwar gonar, iyakar abin da ta sani ke nan. Na ce Baba ya ɗaga murya ya yi kira. Abin da ya fito ko ni da ke manne da wayar da ƙyar na ji. A daidai nan wayata ta fara ƙit-ƙit, alamar wani kiran na shigowa. Na san Likita ne.

Sai muryar Baba ta nutsu, nutsuwar da ta fi gurgur ɗin ba ni tsoro.

“Uwata, saurara da kyau. Akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, ke nake so ki riƙe ta. Idan Allah ya karɓi abinsa…”

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san me wannan yake nufi. Wasiyya ce. Ba a katse uba yana magana ko a kan abinci ce, balle wannan. Na kuma san idan na kashe, mai yiwuwa shi ke nan, ba zan ƙara jin muryarsa ba, kuma ni ce na yanke masa kalmarsa ta ƙarshe. Amma idan na tsaya saurare, mai allura yana nan tsaye kusa da shi bai gan shi ba.

Na ce, “Baba, ka yafe min. Zan kashe. Zan sake kira, kada ka ɗauka. Ka bar ta ta yi ta ƙara.”

“Tsaya ki ji…”

Na kashe. Har yau yatsana yana tuna wannan dannawar.

Na ɗauki kiran Likita, yana haki. Ya ce ga tankin feshi a yashe, ga riga, ga takalma, amma ba mutum, ya yi kira ba amsa. Na ce ya cire komai daga kunne ya yi tsit, zan kira wayar Baba, ya bi ƙararta.

Na kira. Ringin ɗaya, aka ɗauka.

“Uwata, maganar nan…”

“Baba, na ce kada ka ɗauka! Ajiye ta!”

Tun da nake ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na kashe, na sake kira. Wannan karon ta yi ta ringin har ta katse da kanta. Na sake. Ta katse. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba ni da hanyar sanin ko maganata ya ji, ko kuwa hannun ne ya daina motsi. Shirun iri ɗaya ne. Ina kira ina kuka ina salati, abin da ke cikina yana ta juyi kamar shi ma ya sani. Mutane suka fara dawowa daga masallaci da dardumansu, wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta zo ta dafa ni tana tambaya. Kira kawai nake.

Sai aka ɗauka.

“Madam, na same shi. Yana numfashi. Bari in yi aiki.”

A bakin wata 'yar magudanar ruwa ya same shi, a kife, kumatunsa cikin laka, wayar na gefensa. Ya yi masa allura nan take, ya wanke shi, ya ƙara masa wata. Manoman da suka dawo daga salla suka taimaka aka sa shi a wata a-kori-kura ta ɗaukar kwanduna, aka kai shi asibiti a Kura, daga nan aka wuce da shi cikin birni. Ya daɗe a kwance. Likita kuwa ya ce kwana biyu kunnensa na amsa Turanci, don Baturiya a cikin ƙwaƙwalwarsa take magana, amma ko kwanar hanya ɗaya bai kuskure ba.

Bayan an sallamo Baba, na je gaishe shi da jaririyata a goye. Yana zaune a tabarma, ya rame. Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan tsawar da na yi masa. Ya karɓi yarinyar yana kallonta, ya ce ai da ma uwa takan tsawata wa ɗanta. Da na ga ya sake, sai na ce, “Baba, maganar da ka fara gaya min ran nan fa?”

Ya gyara wa yarinyar kwanciya a hannunsa. Sannan ya ce, “Ta mai tafiya ce. Ni kuma kin hana ni tafiya.”

Ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, ya ga yarinyar nan ta shiga makaranta, ya ga ƙannenta. Da lokacinsa ya yi, a cikin barci ya cika, bai bar wa kowa kalma ba. Har gobe ban san me ya so gaya min ba, kuma ƙarya nake idan na ce abin ba ya damuna. Amma ranar ta koya min cewa ladabi da ƙauna ba kullum suke tafiya hanya ɗaya ba, kuma idan suka rabu, dole mutum ya zaɓa da sauri. Na rasa maganar, na samu mai maganar. Da za a mayar da ni kan bencin nan, wayar zan sake kashewa.